Yarinyar da muke karɓa-karɓa ta koyi kuka a hannuna

Assalamu alaikum Anti. Don girman Allah ki taimaka ki amsa mini wannan kafin Asabar. In kuma Asabar ta riga ki, ki amsa duk da haka, ko ba komai na san girman ɓarnar da na yi.

Ni mai gyaran firji ne, da fanka, da na'urar sanyaya ɗaki idan ciwon nata bai yi nisa ba. Ban taɓa aika wa jarida ko gaisuwa ba. Matata ce ke karanta filinki da ƙarfi, ni kuma ina gefe ina yin kamar ba na ji. Ita ta ce in rubuto miki, wai ta gaji da amsa tambaya ɗaya safe da yamma. Zargin da ake mini shi ne an ba ni yarinya mai haƙuri, na mayar da ita rigimammiya. Na juya zargin ta kowace fuska, kuma gaskiya ban ga inda aka yi mini ƙarya ba.

Sai na fara miki da gidanmu, in ba haka ba za ki ɗauka ba mu da hankali. Mu biyar aka haifa. Akwai Babbar Yaya, wadda ta yi ritaya daga aikin ofis amma har yau da muryar ofis take gaisawa. Sai Malama da ke koyarwa a firamare, sai Direba, sai ni, sai Auta. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, bai yarda a fifita wani ɗa a kan wani ba ko da ƙwayar gyaɗa. Idan ya ɓare lemo zai raba mana daidai wa daida, in an samu ragowa ya jefa a bakinsa don a zauna lafiya. Da ya rasu, abin da ke rabuwa muka raba, abin da ba ya rabuwa muka sa shi karɓa-karɓa. Tsani, baro, babbar tukunya, janareto, kowanne yana yin wata ɗaya a gida. Asabar ɗin farko ta wata Direba zai zo da mota ya kwashe ya kai gida na gaba. Shekara da shekaru ba wanda ya ji kanmu, har kwatance ake yi da mu a unguwa. Da mahaifiyarmu ta tsufa ita ma ta shiga layi, kuma ba ta taɓa ƙorafi ba. Sai dai duk farkon wata takan tsaya a tsakar gida ta tambayi ina banɗaki ya koma.

Auta ne ya yi nisa da mu, yana aiki a wani sito a can wani gari. Matarsa ta rasu ta bar jaririya ko wata biyu ba ta yi ba. Muka ce ya kawo ta, ya ce a'a, ita kaɗai ta rage masa. Ya samu wata tsohuwa mai wankau a gidan da yake haya tana duba masa ita. Yakan fita yarinya ba ta tashi ba, ya dawo ta yi barci. Duk wayar da muka yi amsa ɗaya ce: lafiyarta lau, ba ta da rigima ko kaɗan. Bara ciwo ya kwantar da shi, kafin mu gama shirin zuwa dubiya sai labari ya canza, Allah ya yi masa rasuwa. Ni da Direba muka je ɗauko yarinyar, tana da shekara biyu da rabi.

Ɗakin can ciki yake, taga ɗaya ce a sama kusa da rufi. Akwai gadon yara mai shinge, da rediyo a kan kujera yana ta zuba. Tsohuwar nan ba muguwa ba ce, Anti, don Allah in za ki rage wasiƙar kada ki yanke nan. Kunnenta ya yi nauyi, gwiwa ta ƙi ta, wankin mutane kuma ya cika tsakar gida. Takan shiga ta ba yarinya abinci, ta canza mata, ta fito. Tun tana jaririya takan tokare mata kwalbar madara da matashi ta koma bakin baho. Yarinya fes, kayanta har da karin guga. Wallahi ban taɓa ganin yaron da kayansa suka sha guga haka ba. Tsohuwar tana hawaye tana gaya mana ba ta taɓa rainon mai haƙuri irinta ba. Wata maƙwabciya ta ce a watannin farko ne kawai aka riƙa jin kukanta, daga baya ta daina don kanta.

Mun same ta zaune a gadon tana rangaji gaba da baya, tana kallon yatsunta. Ƙeyarta ta baje. Ba ta magana, tafiya kuma sai ta dafa bango. Direba ya miƙa mata hannu, ta taho, alhali ba ta taɓa ganinsa ba. Ta bar tsohuwar da ta raine ta ko waiwaye babu. Direba ya share ido ya ce jini ne ya ja ta. Da muka tsaya shan mai a hanya, ta miƙa wa mai zuba man hannu shi ma, har tana neman fita ta taga. Direba bai ƙara tayar da maganar jini ba har muka iso.

Aka yi taro, kowa ya ce shi zai riƙe ta. Babbar Yaya ta ce ita ta goyi Auta. Malama ta ce ita ta san yara. Direba ya ce shi ne mai ƙananan da za ta yi wasa da su. Ni na ce namu sun girma sun watse, ga ɗaki nan a buɗe. Da aka ga murya ta fara tashi, abin da ba mu saba ba, sai Babbar Yaya ta ce a yi yadda aka saba. Aka saya mata jar jaka. Layinta ya zo ɗaya da na tsani, don haka tare suke tafiya, ita a gaban mota shi a sama. Yaran Direba suka sa mata Baƙuwa, sunan kuma ya bi ta.

Ta zagaya gidajen nan sau biyu, ba gidan da bai yaba ta ba. Abin da aka ba ta shi za ta ci. Inda aka ajiye ta nan za a dawo a same ta. Ranar tafiya ba sai an lallashe ta ba, da ta ga jaka za ta je bakin ƙofa ta tsaya. A gidan Direba ƙofa ta taɓa datse mata yatsa, ba wanda ya sani sai washegari da aka ga farcen ya yi baƙi. Matarsa ta daɗe tana nuna wa nata yaran wannan farce, tana cewa su koyi jarumta. Babbar Yaya kuwa gidajen ƙawayenta take kai ta, ta hau cinyar kowa, ana ta sa albarka. Malama ce kawai ta ɗan damu da rashin maganar, ta kawo kati masu haruffa da hotuna. Yarinyar ta tauna biyu.

To sai watana ya ƙare daidai lokacin da aka yi wa Babbar Yaya aikin ido, ita ce kuma a bayana a layi. Malama ta ce a tsallaka a kawo mata, Babbar Yaya ta ce ba a tsallake layi, in an tsallaka an cinye mata wata. Aka ce in riƙe har ta warke. Da ido ɗaya ya warke aka shiga ɗayan. Haka yarinya da tsani suka yi wajen wata huɗu a gidana.

Matata tana aiki a kantin magani har la'asar, don haka shago nake tafiya da ita. Shagon tsukukke ne, a ƙasan wani bene, matattun firji sun cinye rabinsa. Na cire musu ƙofofi duka saboda ita, na shimfiɗa mata tabarma a lungu nesa da inda nake walda. Ni kuma ina da wani hali, ina magana da abin da nake gyarawa. Nakan tambayi firji me ke damunsa, in ya ƙi tashi in faɗa masa maganar da ba za ta bugu a jarida ba. Da na ga akwai mutum a shagon sai na gyara harshe, na koma tambayarta ita: ko ta ji abin da wannan ya ce, ko a ganinta injin ne ko gas ne ya tsiyaye. Makonni ba ta ko ɗago kai ba. Ban damu ba, firjin ma ba amsawa yake ba.

Wata rana na ƙwanƙwasa jikin wani firji da sifana sau biyu ina sauraro. Sai na ji an ƙwanƙwasa sau biyu daga lungu, da murfin kwalba a kan siminti. Na sake, aka sake. Na juya, sai na ga idonta a kaina, ba a kan yatsunta ba. Ranar ban yi wa mai firjin aikin kirki ba. Daga nan ta fara miƙo mini sukundireba, kullum ba wadda nake nema ba, ni kuma in karɓa in yi godiya in ɓoye ta a aljihu. Idan firji ya tashi takan kwaikwayi gurnaninsa da baki a rufe, ta kalle ni ta ga ko na ji. In wani abu ya faɗi a titi, fuskata take fara dubawa kafin ta dubi titin. Yanzu tana da kalmomi sun kai na yatsun hannu biyu. Ba ta ce mini Baffa, Gyara take ce mini, don shi ne kiran da ta ji mutane na ƙwala mini daga bakin ƙofa.

Har nan ba laifi. Ga inda ɓarnar ta fara. Akwai wata mai sayar da ƙanƙara da ke kawo mini aiki, da can yarinyar kan haye cinyarta tun ba ta gama zama ba. Rannan ta miƙa hannu, sai yarinya ta zagaya bayana ta ƙanƙame ƙafata. Matar ta tambaye ni me na gaya wa yarinyar a kanta. Bayan kwana kaɗan aka kira ni duba wani firji a saman benen, na bar ta wurin maƙwabcina tela kamar yadda na saba. Ban kai hawa na biyu ba na ji wani ihu da ban san mai shi ba. Anti, kusan shekara muna tare da yarinyar nan, ban taɓa sanin tana da wannan muryar ba. Layin duk aka fito. Na sauko da gudu na tuɓe ta ina neman kunama, ba kunama, ba allura, ba komai. Tela yana ta rantsuwa da almakashi a hannu. Da na ɗauke ta sai ta rufe ni da duka a ƙirji, ta gantsara mini cizo a kafaɗa, sannan ta riƙe wuyan rigata ta ƙi saki har muka koma gida.

Tun daga ranar ba mu huta ba. In ta faɗi kuka. In an ba ta ruwa a kofin da ba nata ba kuka. Tana watsar da abinci, ta koma fitsari a wando. In na shiga banɗaki za ta zauna a bakin ƙofa tana ƙwanƙwasawa sau biyu, dole in amsa daga ciki, in ba haka ba unguwa ta ji. Rangajin ya ragu, sai in ta gaji. Matata tana iya ɗaukarta, amma idonta na kan ƙofar da na bi.

Makon jiya Babbar Yaya ta zo da sababbin idanunta, tare da Malama da Direba. Ta durƙusa ta buɗe hannu, yarinya ta ƙwala ihu ta shige ƙarƙashin kujerata. Babbar Yaya ta miƙe tana kakkaɓe gwiwa, ta ce an raba ta da 'yar Auta tana kwance a asibiti. Ban taɓa ganin hawayenta ba tun rasuwar mahaifinmu, kuma likita ya hana ta murza ido, haka ta bar su suna zuba. Direba ya ce a gidansa yarinyar nan ko ɗigon hawaye ba ta taɓa yi ba. Malama ta yi ta kallon ƙarƙashin kujerar. Aka yanke cewa na sangarta ta. Ran Asabar Direba zai zo, za ta koma gidan Babbar Yaya ta yi wata huɗu kamar yadda ta yi a nawa, a dawo da ita kan tarbiyyarta. Ni kuma kada in leƙa sai ta manta da ni, don kada in dama lissafi.

Ba zan ɓoye miki ba, a sana'ata in an kawo abu shiru ya fita yana ƙara, laifin mai gyara ne. Kuma na gaji. Na haura hamsin, bayana na ciwo, aikin fita duk na daina karɓa. Babbar Yaya ta yi wa ɗakin yarinyar sabon labule, ita kaɗai ce a gidanta tun da mijinta ya rasu. Sannan a tarihin gidanmu ba wanda ya taɓa hana abu in ranarsa ta zo. Sau ɗaya na ƙara wa tsani 'yan kwanaki ina gyaran rufi, har yau ana ambata. Ga kuma wani da ke aiki a asibiti ya kawo fanka, ya kalli yarinyar ya ce yaran da aka bari su kaɗai ƙwaƙwalwarsu ba ta girma yadda ya kamata, ya karɓi fankarsa ya tafi ya bar ni da maganar. Tun ranar in tana barci nakan shafa ƙeyar nan in ji tsoro ya kama ni. Ina son yarinyar nan, Anti, ban san lokacin da abin ya kai haka ba.

Shin ni na sangarta ta? Abin da ya same ta a ɗakin can yana gyaruwa, ko sai dai haƙuri? In na miƙa ta ran Asabar na yi daidai? Matata ta ce kada in bayar, amma ita ba a gidanmu aka haife ta ba. Na wanke jakar na shanya, ban dai sa komai a ciki ba tukuna.

Naki,
Baffan Baƙuwa

*

Wa alaikumus salam, Baffa. Tsanin dai ka ba Direba ran Asabar, har ka taya shi ɗaurewa. Yarinya kuwa ta zauna.

Ba ka sangarta ta ba. Kukan jariri kira ne. Idan ya kira aka zo, ya sake kira aka sake zuwa, a hankali yake gane cewa akwai mutane a duniya kuma muryarsa tana da amfani. Idan ya yi ta kira ba a zuwa, wata rana sai ya daina. Abin da maƙwabciyar nan ta ji ya tsaya ke nan, kuma shi kuka yi ta yabo gida huɗu kuna ce masa haƙuri. Yaron da ƙofa ta datse wa yatsa bai nemi kowa ba, ba jarumi ba ne, bai san ana neman wani ba ne. Haka ma hawa cinyar duk wanda ya miƙa hannu. Yaro ɗan shekara biyu da ya san nasa yakan yi ƙiwa, ƙiwar ita ce shaidar yana da wanda ya fi sauran mutane a wurinsa. Taku ba ta da shi, shi ya sa Direba da mai zuba mai suka zo mata ɗaya.

Mai fankar nan ya faɗi rabin gaskiya ya tafi da rabi. Gaskiya ne a shekarun farko ƙwaƙwalwar yaro take gina yawancin hanyoyinta, kuma abinci da wanka kaɗai ba sa isarta. Tana buƙatar a yi mata ta mayar, ta yi a mayar mata: ya yi gwaranci a amsa, ya kalli fuska fuskar ta motsa. Rediyo yana magana amma ba ya jiran amsa. Masu binciken da suka bi yaran da suka taso a gidajen marayu masu cunkoso, inda ake ciyarwa ba a ɗauka, sun ga jinkirin baki, da rangaji irin wanda ka faɗa, da wahalar tattara hankali, da wannan bin kowa. Rabin da ya tafi da shi kuwa, sun ga cewa yaran da aka mayar cikin iyali tsayayye sun farfaɗo sosai, kuma gwargwadon saurin mayarwar gwargwadon farfaɗowar. Wasu sun kamo sa'o'insu, wasu sun girma da sauran rauni a karatu ko a mu'amala. Ba zan yi maka alkawarin inda taka za ta tsaya ba, wanda duk ya yi maka ma kada ka yarda. Bajewar ƙeya yawanci daga yawan kwanciya ne, ba ita ke nuna abin da ke ciki ba, ka daina auna ta da tafin hannu.

Abin da ya faru da sifana da murfin kwalba, shi ne ainihin abin da ake so. Ba ka yi da niyya ba, to yanzu ka yi da niyya. Cizon da dukan da fitsarin wando kuwa, sau da yawa haka abin yake zuwa. Ta samu wanda take tsoron rasawa, ba ta kuma da kalmomin faɗa, sai haƙora. Kada a dake ta a kai. Ka riƙe hannun, ka ce a'a da murya ɗaya, ka ci gaba da riƙe ta. In za ka fita ka gaya mata, kada ka sulale, kuma ka dawo lokacin da ka ce.

Ni ba likita ba ce, ban kuma ga yarinyar ba. Wasu daga cikin alamomin nan sukan zo da matsalar ji, ko ƙarancin jini, ko wani yanayi da aka haifi yaro da shi. Ka kai ta wurin likitan yara a gwada kunne, a duba girma, a ga ko tana buƙatar masu koyar da magana. Ka ba shi labarin ɗakin nan duka, har da kwalbar da matashin, kada kunya ta sa ka rage don kare Auta. Bai yi da mugunta ba, kuma ɓoyewa ba za ta amfane shi da komai ba yanzu.

Sai mu zo kan 'yan'uwanka, don ba zan bari ka tashi daga nan kana jin kai ne gwarzo ba. Wasiƙun da suka saba zuwa mini, gida huɗu ne ke faɗa a kan wa za a liƙa wa maraya. Naku gida huɗu ne ke faɗa a kan wa zai samu. Wannan arziki ne, yarinyar kuma za ta buƙace shi duka nan gaba. Ba ka fi Babbar Yaya sonta ba. Da kai aka yi wa aikin ido ta yi wata huɗu a can, mai yiwuwa da yanzu ƙarƙashin kujerar Yaya take shiga in ta gan ka. Matar nan ta goyi ƙaninta, ta rasa shi ba ta ko samu zuwa dubiya ba, ta buɗe ido ta ga abin da ya bari yana gudunta. Ka ji tausayinta da gaske. Tsarinku ma ba abin dariya ba ne, ya riƙe ku shekaru ba faɗa. Kuskurensa ɗaya ne, ya auna adalci tsakanin manya huɗu, ya manta da ta biyar ɗin da ake ɗauka ana saukewa. Duk farkon wata, daidai lokacin da ta fara gane fuska, sai a canza mata fuskar.

Kafin ka buɗe baki a gaban kowa, ka zauna da matarka ku tambayi kanku ko za ku iya, ba na wata huɗu ba, na shekaru. Ka ce ka gaji, na kuma yarda. In amsar a'a ce, ku faɗa yanzu, a zaɓi gida ɗaya na dindindin, a mayar da ita sannu a hankali kana biye, kana zuwa kullum har ta saba. In amsar e ce, to matarka ta zama ta biyu da gangan: wanka, abinci, kwanciya, wani abu dai ya zama nata ita kaɗai kullum. Mutum ɗaya mai ciwon baya bai isa jingina ba. Shago mai walda da gas kuma ba wurin zaman yaro ba ne har abada, ku fara tunanin rabin yini.

Sannan ka tafi gidan Babbar Yaya da ƙafarka kafin Asabar. Ban da waya, ban da aike. Ka yaba labulen. Kada ka ce mata kun yi kuskure, ka ce kana neman taimakonta, kuma ka roƙe ta ta raka ka wurin likita ta ji da kunnenta. Mai muryar ofis ta fi jin magana daga bayan tebur. Ka ja Malama gefe tun kafin nan, kallon da ta yi ta yi wa ƙarƙashin kujera ya sa nake zaton ta riga ku ganewa. Abin da za ka kai musu shi ne a bar layin yadda yake, amma a juya shi: yarinya ta zauna, manya su riƙa zagayowa. Mai wata ya zo gidanka duk lokacin da ya samu, ya zauna a tabarma, kada ya cafke ta, ya bari ita ta matso. Yaran Direba su zo ɗaya-ɗaya. Katin Malama su jira, yanzu waƙa da wasan ɓuya sun fi su aiki. In ta saba, sai a fara kai ta yini kana tare da ita, daga baya kwana. Gwaggon da ta samu haka tata ce har abada. Sunan nan na Baƙuwa kuma a ajiye shi, tana ji.

Za su iya yin fushi. Za a iya ambatonka a taro fiye da yadda ake ambaton tsani. Ka ɗauka, kai babba ne, kana da bakin ba da haƙuri da ƙafar zuwa biko.

Abu ɗaya ne ba zan sassauta ba, wato shawarar a ɗauke ta ka ɓace har ta manta da kai. Ka sani shawarar za ta yi aiki. Za ta yi ihu kwanaki, ta ƙwanƙwasa ƙofofi ta saurara, sannan ta yi shiru. Za ta ci abin da aka ba ta, ta zauna inda aka ajiye ta, ta hau cinyar kowa. Za a kira ka a waya a ce alhamdu lillahi ta warke. Ta taɓa yin wannan shirun sau ɗaya, ya ɗauke ta kusan shekara uku kafin ta sake gwada kiran wani. Ban san nawa zai ɗauke ta a karo na biyu ba, kuma ba na so a gwada a kanta.

Allah ya jiƙan Auta da matarsa, ya ƙara wa Yaya lafiyar ido, ya haɗa kanku. Kai kuma Allah ya ba ka ƙarfin baya, ya sa ka daɗe kana amsawa.

Anti